Daga Ƙwarya Zuwa Sikeli: Mayar da Awon Man Kaɗanya Daga Cika Zuwa Nauyi a Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Matar da ke sana'ar man kaɗanya a ƙauyukan ƙasar Bida ko Kontagora ko Zuru, idan ta kai manta kasuwa, da ƙwarya ko kwano ko curi take sayar da shi. Dillalin da ya saya daga hannunta kuwa, idan ya isa wurin kamfanin da zai fitar da man zuwa Turai ko Asiya, ba za a tambaye shi ƙwarya nawa ya kawo ba, sai dai kilo nawa ko tan nawa. Ke nan mai ɗaya ne yake ratsa tsarin awo iri biyu kafin ya bar ƙasa, na farko yana duban abin da ya cika mazubi, na biyu yana duban abin da sikeli ya nuna. A tsakanin waɗannan awo biyu akwai lissafi, kuma wanda ya iya lissafin shi ne yake da rinjaye a cinikin.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake mayar da awon man kaɗanya daga cika zuwa nauyi, ta kuma nuna cewa rabin matsalar ta harshe ce. Hausa tana da yalwar kalmomi na awon cika, tana da kalmomin aro na awon nauyi, amma ma'anar da ke haɗa su biyun ba ta da tsayayyen suna a bakin 'yan kasuwa. Za a fara da taƙaitaccen bayani a kan man, sannan a dubi kalmomin awo, a kawo ƙa'idar lissafin da abubuwan da ke ɓata shi, daga ƙarshe a ba da shawarar wasu kalmomi.

2.0 Kaɗanya da Manta

Kaɗanya, ko kaɗe, itaciya ce ta ƙasashen da ke kudu da Sahara, tun daga Senegal har zuwa Sudan ta Kudu da Uganda. Masana tsirrai suna kiranta Vitellaria paradoxa. A da an fi saninta da Butyrospermum parkii, sunan da aka raɗa mata don tunawa da Mungo Park, wanda ya yi bayaninta a littafin tafiye-tafiyensa na 1799. Sunan da Turawan Ingila ke kiranta da shi ya samo asali ne daga harshen Bambara, na Faransawa kuma daga Wolof. A Nijeriya Yarabawa suna kiran man òrí, Ibo suna ce masa òkwùmá, Hausawa kuma man kaɗanya ko man kaɗe. Jihohin Neja da Kwara da Kebbi da arewacin Oyo suna cikin wuraren da itaciyar ta fi yawa.

Aikin man na mata ne tun asali. Su ke tsintar 'ya'yan da damina, a cinye naman ko a cire shi, a dafa ƙwarar, a shanya, a fasa, a daka, a soya, a niƙa. Daga nan sai a zuba ruwa a kan ƙullin a yi ta bugu da hannu, har man ya rabu ya taso sama fari, dusa ta kwanta a ƙasa. Sai a kwashe shi a tafasa domin ruwan da ya saura ya ƙone, a tace, a zuba a mazubi ya daskare. Ya kamata a riƙe wannan mataki na tasowar mai a kan ruwa, domin a kansa bayanin da ke tafe zai ginu.

Kasuwar man ta wuce miya da fitila da shafawa. Tun shekarar 2000 dokar Tarayyar Turai ta yarda a sa wasu mayukan tsirrai har kashi 5 cikin 100 a cakulan, man kaɗanya yana cikinsu. A 2011 aka kafa ƙungiyar Global Shea Alliance a Accra. A watan Agusta na 2025 kuma Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya na tsawon wata shida, da nufin a riƙa sarrafa ta a gida. Duk lokacin da ciniki ya karkata daga ƙwara zuwa mai, kuma daga kasuwar ƙauye zuwa kamfani, sikeli ne yake ƙara matsowa kusa da mai ƙwarya.

3.0 Kalmomin Awo a Hausa

3.1 Aikatau "Auna"

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne, aikatau ɗaya ne Hausa take amfani da shi a kowane irin awo. Dubi waɗannan jimloli:

(1) Ta auna gero mudu biyu.
(2) Ya auna nama kilo biyu.
(3) Tela ya auna yadi kamu biyar.
(4) Likita ya auna zafin jikinsa.

A (1) cika ake nufi, a (2) nauyi, a (3) tsawo, a (4) zafi, amma aikatau bai sauya ba. Haka ma sunayen da aka tsiro daga gare shi. Awo yana nufin sayen hatsi a kasuwa, yana kuma nufin zuwan mai juna biyu asibiti. Ma'auni yana nufin mudu, yana nufin sikeli, yana nufin mutumin da ke sana'ar auna hatsi. Yarabanci ma haka yake, domin aikatau wọ̀n yana ɗaukar awon cika da na nauyi duka. Larabci kuwa ya raba su, kail daban, wazn daban, kuma littattafan fiƙihu sun gina hukunce-hukunce a kan wannan rabuwa.

Wannan ba naƙasu ba ne ga Hausa, domin sunan ma'aunin da ke biye da aikatau yana warware ma'ana. Rikici yana tasowa ne a inda aka bar sunan ma'aunin, kamar a ce:

(5) An auna man, ya cika.

Mai sayarwa za ta fahimci cewa ƙwarya ta cika har baki. Mai saye yana iya nufin cewa allurar sikeli ta kai inda aka yi alkawari. Dukansu Hausa suka ji, kuma kowa yana da gaskiya a nasa tsarin.

3.2 Awon Cika

Tsohon tsarin awo na kasuwar Hausa na cika ne, kuma sunan mazubi shi ne sunan awo. Akwai na gargajiya irin su ludayi da ƙoƙo da ƙwarya da masaki. Akwai mudu, wanda aka aro daga Larabci, da tiya da kwano. Akwai kuma waɗanda kayan kanti suka kawo, wato gwangwanin madara da kwalba da galan da bokitin fenti da jarka da duro. Wannan ɗabi'a ta mayar da mazubin kanti ma'auni ta game ƙasa. A Legas ana awo da derica, sunan da ya fito daga gwangwanin tumatir na De Rica, a ƙasar Yarabawa akwai kóńgò, a Ghana akwai olonka.

Ta fuskar nahawu ana gina wannan awo ta hanya biyu: ko dai a ce "mai ƙwarya biyu", ko a ce "cikin ƙwarya biyu na mai". Kalmar "cikin" a nan tana nuna abin da mazubi ya ɗauka, kamar yadda ake cewa "cikin cokali ɗaya". Ban da wannan akwai awon ido, wato curi da dunƙule da kashi, inda babu mazubi ko kaɗan, sai sabo da amana.

Babban halin waɗannan ma'aunai shi ne rashin daidaito. Ƙwarya tsiro ce, babu biyu da suka zo ɗaya. Mudun wani gari ya fi na wani gari, kuma tiyar mai saye a bakin gona takan fi ta mai sayarwa a birni. Kalmomin tozo da shafe da gyara suna nan ne domin cike wannan giɓi, wato su ne hanyar da harshe ya tanada ta yin ciniki a kan girman awon kansa, ba a kan farashi kaɗai ba.

3.3 Awon Nauyi

Kalmomin awon nauyi kusan duk na aro ne, kuma sun shigo a zango biyu. Zangon farko na Larabci ne, ya kawo mizani da miskali. Da miskali ake auna zinariya, kuma malamai a yau suna ƙiyasta shi da giram 4.25, shi ya sa nisabin miskali 20 yake zama giram 85. Zango na biyu na Turanci ne, ya kawo sikeli da laba da oza da tan a zamanin cinikin gyaɗa da auduga da fata, sannan kilo da giram bayan da Nijeriya ta koma tsarin awo na mita, wanda dokar awo ta 1974 ta tabbatar.

Akwai abin sha'awa a nan. Turanci yana da kalma ɗaya mai nufin kuɗi da nauyi, amma Hausa ta raba ta biyu, fam ga kuɗi, laba ga nauyi. A wajen oza kuwa ba a yi wannan rabuwa ba, alhali akwai ozar nauyi mai giram 28.35, akwai kuma ozar ruwa, wadda awon cika ce, mililita 29.57 a Amurka, 28.41 a Ingila. Mai fassara takardar haɗa sabulu ko man shafawa daga Turanci, idan ya rubuta "oza takwas" kawai, ya bar mai karatu a duhu.

Abin lura shi ne, a al'adar kasuwa nauyi na kayan da ke fita waje ne ko masu tsada, cika kuma na abincin gida. Man kaɗanya ya daɗe a rukuni na biyu, yanzu kuma ya shiga na farko ba tare da ya bar na biyun ba.

4.0 Gadar da ke Tsakanin Cika da Nauyi

4.1 Kauri da Nauyi

Ba a iya mayar da cika zuwa nauyi sai an san abu na uku, wato nauyin da wani sanannen awo na wannan abu yake da shi. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin haka a zakkar fid da kai. Sa'i ɗaya mudun Annabi huɗu ne ko da me aka cika shi, amma idan aka ɗora a sikeli, sa'in shinkafa da na dabino da na gero kowanne da nasa nauyi. Ke nan babu amsa ɗaya ga tambayar "mudu kilo nawa ne?" sai an ce mudun mene ne.

Wace kalma ce Hausa za ta kira wannan ma'ana da ita? Wadda ta fi saurin zuwa baki ita ce kauri. Kauri tana cikin rukunin sunayen da F. W. Parsons ya yi nazari a 1955, tare da nauyi da tauri da faɗi da zurfi, waɗanda ake tsiro da siffofi daga gare su kamar kakkaura da nannauya da tattaura. Sai dai idan an ce kunu ya yi kauri, ana nufin ba ya saurin zuba. Wannan sifa ce ta gudu, ba ta da alaƙa ta dole da abin da sikeli zai nuna. Man kaɗanya shi ne babban shaida. Ya fi ruwa kauri nesa ba kusa ba, har yakan daskare ya yi tauri, amma kwalbar mai ba ta kai kwalbar ruwa nauyi ba. Da ya fi ruwa nauyi da bai taso sama ba a lokacin bugu, da kuma sana'ar gaba ɗaya ba ta yiwu ba. Matan da ke aikin sun san wannan a hannunsu, amma wanda ya fassara ma'anar da kauri zai sa mai karatu ya zaci akasin gaskiya.

Don haka a wannan maƙala za a yi amfani da "nauyin lita", wato nauyin da lita ɗaya ta abu take da shi. Nauyin litar ruwa kilo ɗaya ne, kuma shi ne abin kwatance.

4.2 Ƙa'idar Lissafi

Hukumar Codex Alimentarius, wadda ke tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta fitar da ƙa'idar man kaɗanya wanda ba a tace da inji ba a 2017. A cikinta an nuna cewa a zafin digiri 40 na Salshiyas, inda man yake a narke, nauyin litarsa yana tsakanin kilo 0.89 da 0.93. Tsakiyar wannan ita ce 0.91, wato giram 910, kuma da ita aka fi yin lissafi. Dalilin da ya sa ba adadi ɗaya ba ne shi ne, man yana bambanta daga yanki zuwa yanki. Na Afirka ta Yamma ya fi tauri, na Uganda da Sudan ta Kudu ya fi laushi, saboda bambancin sinadaran kitsen da ke cikinsu.

Ƙa'idar guda biyu ce:

(a) Daga cika zuwa nauyi: a ninka yawan lita da 0.91, abin da ya fito shi ne kilo.
(b) Daga nauyi zuwa cika: a raba yawan kilo da 0.91, abin da ya fito shi ne lita.

Ga wanda ba ya da abin rubutu a hannu, akwai hanya mai sauƙi: a kowace lita 11 akwai kilo 10. Idan aka ninka 11 da 0.91 za a sami 10.01, saboda haka kuskuren bai taka kara ya karya ba.

4.3 Jadawalin Awo

Bisa 0.91, ga abin da sanannun ma'aunai suke bayarwa idan an cika su da narkakken mai daidai baki:

Ƙaramin cokali, mililita 5: giram 4.6
Babban cokali, mililita 15: giram 13.7
Kofin awo na Amurka, mililita 237: giram 216
Kofin awo na mita, mililita 250: giram 228
Lita 1: giram 910
Galan na Amurka, lita 3.79: kilo 3.44
Bokiti mai lita 4: kilo 3.64
Galan na Ingila, lita 4.55: kilo 4.14
Jarka mai lita 25: kilo 22.75
Duro mai lita 200: kilo 182

Ta ɗaya ɓangaren kuma, kilo 1 yana buƙatar lita 1.1, kilo 25 yana buƙatar kimanin lita 27.5, tan ɗaya kuma kimanin lita 1,100. Daga nan za a ga cewa wanda ya yi alkawarin kilo 25 ya kuma cika mazubi mai lita 25, ya tauye kilo 2.25 ko da bai yi niyya ba. A mazubi 40, inda ake zaton tan ɗaya, giɓin ya kai kilo 90.

5.0 Abubuwan da ke Ɓata Lissafi

Jadawalin da ke sama gaskiya ne a kan sharaɗi, wato a san girman mazubi, man ya kasance zalla, a narke, kuma a cika daidai baki. A kasuwa da wuya waɗannan sharuɗɗa su haɗu. Abubuwa biyar ne suka fi kawo saɓani.

5.1 Girman Mazubi

Ƙwarya ba ta zo da lamba a jikinta ba, amma ana iya gano litarta da ruwa. A ɗora ta a sikeli babu komai a rubuta, a cika ta da ruwa a sake ɗorawa, a ɗebe na farko daga na biyu. Tun da litar ruwa kilo ɗaya ce, abin da ya rage shi ne litar mazubin. A ƙaddara ƙwarya tana da giram 300, da ruwa kuma ta kai giram 3,300. Ke nan lita 3 take ci, kuma man da zai cika ta kilo 2.73 ne. Wannan aiki sau ɗaya ake yinsa, a yi wa ƙwaryar alama, a huta.

5.2 Tozo

Ruwa ba ya tozo, amma daskararren mai yana yi. Da yake al'adar kasuwa ta saba da a ɗora mai ya haura bakin ƙwarya, abin da ke sama ba ya cikin lissafin lita. Idan ƙwaryar da aka ambata ta ɗauki tozon rabin lita, an ƙara giram 455. Dillalin da ya saya da farashin ƙwarya ya sayar da farashin kilo, wannan tozo ribarsa ce tun kafin ya bar kasuwa. A ƙwarya shida ya sami cikin ƙwarya guda kyauta. A tsohon tsari tozo alheri ne tsakanin mutane biyu da suka san juna, kuma wanda ya saya da tozo da tozo zai sayar. Da sikeli ya shigo tsakani sai alherin ya zama hanya mai tafiya gefe ɗaya.

5.3 Iska

Ana juya mai yayin da yake hucewa domin ya yi laushi, masu haɗa man shafawa kuma suna buga shi da inji har ya kumbura. Duk wannan iska yake shigarwa. Iska tana cin wuri, ba ta da nauyin da sikelin kasuwa zai gani. Idan kashi ɗaya cikin biyar na mazubi iska ce, lita ɗaya za ta ba da giram 728 maimakon 910. Haka kuma idan aka gutsuttsura daskararren mai aka zuba a kofi, ramukan da ke tsakanin gutsattsarin suna shiga awo. A nan mai saye da cika shi ne yake asara. Saboda haka 0.91 ba ta aiki a kan bugaggen mai ko gutsattsari, sai an narkar.

5.4 Zafi

Man kaɗanya yana narkewa ne a kusan zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a tafin hannu. Mai yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Mazubin da aka cika da mai mai zafi daga wuta, idan ya huce za a ga samansa ya lotsa. Mai saye yana iya cewa an rage, alhali ko ɗigo bai fita ba. Haka man da aka ɗauko da hunturu a daskare zai iya isa kudu a narke. A duk waɗannan sauye-sauye cika ce take motsi, nauyi yana nan inda yake. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa masu sabulu da kamfanoni suka zaɓi sikeli, domin a haɗin sabulu yawan sinadarin da ake zubawa ya dogara ne da nauyin mai, kuma kuskure kaɗan yana sa sabulu ya ci fata ko ya ƙi daskarewa.

5.5 Ruwa da Nauyin Mazubi

Kada a ɗauka sikeli ya kashe duk wata hanyar ha'inci. Yana tona asirin iska, amma ba ya tona na ruwa. Ruwan da ya saura a mai, ko don gaggawar sauke tukunya ko don algus, yana ƙara cika yana kuma ƙara nauyi. Idan kashi 10 cikin 100 na lita ruwa ne, nauyinta zai zama giram 919, wanda yake cikin iyakar da aka yarda da ita, saboda haka lissafi ba zai kama shi ba. Abin da ke kama shi shi ne a narkar da ɗan samfur a farar kwalba a ajiye, ruwa da laka za su kwanta a ƙasa. Ga mai sikeli kuma akwai tasa ƙofar, wato nauyin mazubi. Idan ya ɗebe rabin kilo a madadin ƙwarya mai giram 300, ya ci giram 200 a kowace ƙwarya, kuma mai man ba ta da kalmar da za ta yi masa gardama da ita.

6.0 Shawarar Kalmomi

An yi ƙoƙari a baya wajen samar da kalmomin fannu, kamar ƙamusun kimiyya da lissafi na firamare a harsunan Nijeriya tara da aka buga a 1987, da littafin Hausa Metalanguage na 1990. Irin wannan aiki ya fi tsayawa a aji. Abin da cinikin man kaɗanya yake buƙata shi ne kalmomin da mai ƙwarya da mai sikeli za su ji ba tare da tafinta ba. Bisa bayanan da suka gabata ana ba da shawarar waɗannan:

(a) Awon cika: duk awon da ake yi da mazubi, daga ludayi zuwa lita.
(b) Awon nauyi: duk awon da ake yi da sikeli.
(c) Nauyin lita: nauyin lita ɗaya ta abu, a bar kauri ga ma'anarta ta asali.
(d) Nauyin mazubi: abin da ake ɗebewa a madadin ƙwarya ko bokiti.
(e) Nauyi da mazubi: abin da sikeli ya nuna kafin a ɗebe.
(f) Nauyin zalla: abin da ya rage, wanda shi ake biya.
(g) Ozar nauyi da ozar ruwa, galan na Ingila da galan na Amurka: kada a rubuta ɗaya ba tare da bayaninta ba.

Babu baƙuwar kalma a cikin waɗannan, duk an gina su ne daga abin da ke bakin mutane, ta hanyar ɗafa suna da suna wadda Hausa ta saba da ita. Amfaninsu shi ne kowace tana ɗauke da tambayar da ya kamata a yi. Wadda ta san "nauyin mazubi" za ta ce a ɗora ƙwaryar ita kaɗai ta gani. Haka kuma ya kamata mai fassara ko mai shirin rediyo ya riƙa faɗin halin man tare da awonsa, wato narkakke ne ko daskararre ko bugagge, a shafe ne ko da tozo, domin "kofi ɗaya na man kaɗanya" jimla ce da ba ta kammala ba.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa mayar da awon man kaɗanya daga cika zuwa nauyi lissafi ne mai sauƙi: lita ɗaya ta narkakken mai kimanin giram 910 ce, lita 11 kuma kilo 10. Wahalar tana cikin sharuɗɗan da ke kewaye da lissafin, wato girman mazubi da tozo da iska da zafi da ruwa, kuma an ga cewa asarar takan faɗa wa mai sayarwa a wani wuri, ta faɗa wa mai saye a wani. An kuma nuna cewa aikatau "auna" yana rufe bambancin awo biyun, kalmar "kauri" kuma tana iya juyar da ma'ana.

Aikin da ya rage ga masana harsunan Nijeriya shi ne tattara sunayen ma'aunai a Nufanci da Yarabanci da Fulatanci da sauran harsunan yankin kaɗanya, a auna kowane mazubi da ruwa a rubuta litarsa kasuwa kasuwa. Ƙamusun da ya ce mudu "ma'aunin hatsi ne" ya faɗi gaskiya, amma wanda ya ƙara da litar mudun Bida da ta mudun Kano ya fi amfani ga matar da ke tsaye gaban sikeli da ƙwaryarta.